Kyamara ko kalkuletar sashe? Ku sayi kalkuleta

Malam, ka tambaya ko kyamara za ku saya ko kalkuletoci domin hana satar amsa a jarrabawar ɗaliban injiniya. Tunda kuɗin ba zai isa duka biyun ba, ku ajiye maganar kyamara, ku sayi kalkuletocin da sashe zai riƙa rabawa a ɗakin jarrabawa.

Ɗalibin injiniya bai cika leƙen takardar na kusa da shi ba, domin lissafin na da tsawo. Fomula yake shigowa da ita, kuma a jikin kalkuletarsa take. Da fensir ake rubutawa a cikin murfi, sai ka karkata shi wajen taga kafin ka ga rubutun yana ƙyalli. Wasu kuma irin wadda ake loda wa bayanai suke kawowa, mai sa ido bai san bambancin ba.

Mu Casio fx-991ES Plus muka saya, ita ba a loda mata rubutu. Muka cire murafen duka, muka sa wa kowace lamba da fenti a baya. Kafin a raba sai a danna SHIFT, 9, 3, sannan =, duk abin da aka adana ya goge. Wallahi abin da ya fi faranta mini rai shi ne wata ɗaliba da ta tsaya bayan jarrabawa tana ta godiya. Ashe ba ta da tata, kullum sai ta jira wani ya gama ta ara. A wajen wannan aron ne kuwa amsa ke yawo daga benci zuwa benci.

Kyamara muna da ita. In an ɗauke wuta ta zama ado, in akwai wuta ba ta hango rubutun fensir. Iyakarta ta zama hujja a gaban kwamiti bayan an riga an yi ɓarnar.

Sai dai ku yi hattara da jabu, ko a Sabon Gari za ku saya ko a Samaru. Akwai masu nuna maka ta gaske, su cika kwali da ta bogi. Ku buɗe ɗaya bayan ɗaya. A cire batir a kai ta rana: ta gaske za ta kunnu da sola, ta bogi sau da yawa baƙar roba ce kawai aka manna a madadin solar. Ku karɓi rasit, da sharaɗin za a canza wadda ta ƙi.

In kuɗi ya yi saura, ku buga wa ɗalibai dogayen fomulolin a bayan takardar tambaya, ku tambaye su yadda ake aiki da su.