Tsohon Aztec ɗina: jirgin ya burge ni, mai dubawa ya cuce ni

Duk wanda ya ce maka injin tsohon jirgi "awoyinsa kaɗan ne", ka tambaye shi a cikin shekara nawa aka tara awoyin. Da wannan zan fara domin shi ya fi ci mini rai, yabon jirgin ya biyo baya. Ƙaramin jirgin sama na saya, Piper Aztec, samfurin E na farkon shekarun 1970, mai dogon hanci da kujeru shida, da injin Lycoming IO-540 guda biyu, kowanne mai ƙarfin doki 250. Maganar farashi ba sai na faɗa ba, masu bibiyar kasuwar sun san yadda tsofaffin jirage masu inji biyu suka yi araha, har wani mai inji ɗaya sa'ansu kan fi su tsada. Arahar nan ita ke jan irinmu.

Kafin in biya ko sisi sai da na ɗauko wanda zai duba mini jirgin, mutumin da aka yi ta yaba mini shi a kan wannan aiki. Na faɗa masa ɓaro-ɓaro cewa injinan su ne damuwata: ya yanka filtar baƙin mai, ya bi kundin gyara shafi-shafi, duk abin da bai kwanta masa ba ya gaya mini. Ya kawo rahoto mai kauri, tsaf-tsaf, har da hotuna. Gwajin matsin silinda duk saba'in da wani abu bisa tamanin. Filta tas. Kowane inji bai ci ko rabin awoyi 2,000 ɗin da kamfani ya ƙayyade kafin garambawul ba. A ƙasa ya rubuta cewa jirgi lafiya lau, ya sa hannu, ya karɓi kuɗinsa.

Abubuwa biyu ne bai rubuta ba, kuma dukansu suna gabansa. Na ɗaya, mai sayarwa ya canja baƙin mai da filta daf da ranar dubawa, wato filtar da ya yanka ya ce tas take, sabuwa ce fil, ba ta tace komai ba tukuna. Na biyu, garambawul ɗin da ake tinƙaho da shi ya haura shekara ashirin, alhali shi kansa kamfanin injin ya ce awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. A kundin akwai shekarun da jirgin bai tashi ba sai abin da ba a rasa ba. Wanda sana'arsa ke nan bai kamata ya tsallake wannan ba.

Asiri ya tonu a canjin mai na farko da aka yi a hannuna. Injiniyan da ke kula mini da jirgin, dattijo ne marar yawan magana, ya yanka filtar injin hagu, ya zaro takardar cikin, ya miƙe ninkinta ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitila. Ina gefe ina duba waya sai na ji ya ce, "Yallaɓai, zo ka gani." A cikin ninkin wasu 'yan ƙananan ɓarɓashi ne ke ƙyalli. Ya wanke takardar a ƙaramin kwano, ya zura maganaɗisu a ruwan, da ya ɗago sai ga bakin ya yi gashi-gashi, baƙi ƙirin. Na ce, "Injiniya, mene ne wannan?" Ya ce tunda ya kama maganaɗisu ƙarfe ne, ba alminiyam ba, kuma a irin wannan inji ya san inda zai fara nema.

A injin Lycoming kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, a sama yake, bisa ƙaranshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa. In jirgi ya daɗe a ajiye, mai ya tsiyaye ya koma ƙasa, danshi ya sauka a kan ƙarfe tsirara, tsatsa ta huda shi ƙanana-ƙanana. Ranar da aka sake tayar da injin, wuraren nan su ne za su yi ta gogar tafet, ƙananan ƙarafan da kamshaf ke turawa, suna cinye juna. Gwajin matsi ba ya ganin wannan ko kaɗan, lafiyar bawul da zoben fistin kawai yake nunawa. Kuma ba ka iya leƙa kamshaf ɗin sai ka cire silinda. Da muka cire, na zura yatsa na shafa da kaina: ƙusumbi biyu na jikin kamshaf ɗin sun goge, fuskar tafet ta yi rami-rami. Ba laifin wanda ya ƙera injin ba ne, an yi shi ne don ya yi aiki, aka bar shi yana barci.

Daga nan sai sauke inji, a raba shi biyu. Kuma ɓarɓashin ba ya tsayawa wuri ɗaya, duk inda mai ya bi shi ma ya bi, don haka abin sanyaya mai da gwamnan farfela (na'urar da ke daidaita gudun juyawarta) da ita kanta farfelar duk sai da aka tura su wanki da dubawa. Ana cikin haka Injiniya ya yi mini tambayar da ta hana ni barci: na dama fa? Ai tare suka yi zaman. Aka cire masa silinda shi ma. Allah ya taimaka nasa da sauƙi, amma ba wanda zai ce maka ga ranar da zai kai. Watanni jirgin yana tsaye da fuffuke ɗaya babu inji, inshora tana tafiya, kuɗin rumfa yana tafiya.

Na kira mai dubawar. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Ni abin da na gani na rubuta." Na ce ranar canjin man fa, ba a rubuce take a kundin da ka ce ka karanta ba? Ya ce ba a ce masa ya yi sharhi a kai ba. Shi kuwa dillali, wanda a da kullum sai ya kira ya gaishe ni, wayarsa ta daina shiga.

To amma jirgin kansa, gaskiya ɗaya ce, tun da ya dawo sama na daina jin haushinsa. Ba a banza masu shi ke masa kirari da babbar mota ba. Ka cika tankuna, ka ɗora mutane, ka zuba kaya a hanci da baya, ka yi lissafin nauyi ka tarar har yanzu kana cikin ƙa'ida, abin da jirage da yawa masu kujeru shida ba za su yi maka ba. Fuffukensa mai kauri ne, yana saukowa a hankali, gajeren fili ba ya ba shi tsoro, kuma in iska ta tashi ba ya rawar kai. Jirage irin su Beechcraft Baron da Cessna 310 za su wuce ka su bar ka, wannan ba gardama, amma ban saye shi don tsere ba.

Inda ya fi shiga raina shi ne horon da masu inshora suka tilasta mini da malamin tuƙi. Muna can sama ya sa muka kashe injin hagu ɗungurungum, muka juya ruwan farfela ya daina kama iska. Ka waiwaya ka ga farfela tsaye cak a gefenka, ƙafarka ta dama tana danne feda, allurar gudu tana kan shuɗin layin da ke nuna gudun da ya fi dacewa da hawa da inji ɗaya, jirgi kuma yana tafiya abinsa ba tare da ya yi maka gardama ba. Malamin bai bar ni na ruɗi kaina ba: rasa inji ɗaya yakan tafi da wajen kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin hawa, ba rabi ba, kuma da zafi da nauyi ragowar ma sai ka nema. A nawa jirgin famfon haidirolik, mai ɗaga tayoyi da sauke su, a injin hagu kaɗai yake, don haka in injin ya mutu, sai ka buga famfon hannu kafin tayoyi su sauka. Na buga har kafaɗata ta yi tsami. Duk da haka, in dare ne ko a kan ruwa, kwanciyar hankalin da inji na biyu ke ba ka ba ta da misali, kuma a ranar na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Na yi saurin faɗa. Ba a jima ba na sunkuya ƙarƙashin fuffuken dama ina duba mai, sai ga wani shuɗin tabo ya biyo layin ƙusoshi, irin wanda man jirgi ke bari in ya bushe. Tankunan Aztec jakunkuna ne na roba a cikin fuffuke, in an bar su babu mai na tsawon lokaci sai su bushe su tsattsage. Zaman nan dai da ya ci kamshaf, shi ya ci su. Hitar da ke hanci, wadda ke ƙona man jirgi don ɗumama ciki, ita ma ta faɗi gwajin matsi, kuma wannan ba abin wasa ba ne tunda hayaƙinta kisa yake yi. Ga kuma lissafin da ba ya canjawa ko da komai lafiya: silinda 12, fulogi 24, maganeto (masu ba fulogi wuta) huɗu, farfela biyu, mai wajen galan 26 zuwa 28 a kowace awa. An daina ƙera Aztec tun 1981, saboda haka wani ƙaramin ƙarfe sai ka bi masu farfasa tsofaffin jirage kafin ka samu, in ka samu kuma ka jira.

Da na ga tabon nan sai na koma na buɗe rahoton mutumin. Ga shi nan a rubuce, tankunan mai babu yoyo, hita tana aiki. Na tambayi Injiniya ko yoyon sabo ne, ya kankare fentin wurin da farce ya nuna mini tsohon tabo a ƙarƙashi, an shafe shi ne kawai. Na ɗauki hoto na aika wa mai dubawar, ya buɗe, bai ce uffan ba. Jaka ɗaya na yi niyyar canjawa, amma Injiniya ya ce duka huɗun sa'annin juna ne, gara a yi su lokaci guda tunda an riga an buɗe fuffuke. Ya kuma ce kada in taɓa kuɗin da na ware wa injin dama.