Ƙaramin fulin sufacaja a Mini Cooper S: bitar kayan da na ɗaura da hannuna

Motar da na yi wa wannan aiki Mini Cooper S ce ƙirar 2005, daga jerin da ake kira R53, waɗanda aka haɗa a masana'antar Oxford da ke Ingila tsakanin 2002 da 2006. Na saye ta 'yar Kwatano, kuma abin da ya ja ni gare ta shi ne sufacajarta, wato na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi domin ya ƙona mai fiye da abin da girmansa zai iya shi kaɗai. Injin mai lita 1.6 ne, wanda BMW da Chrysler suka haɗa hannu suka ƙera a Brazil, sufacajar kuwa ta kamfanin Eaton ce, samfurin M45, wadda ke tura kusan kashi uku cikin huɗu na lita ta iska a kowane juyi. Ba hayaƙin salansa ne ke juya ta ba kamar yadda yake juya turbo, bel ne ke jan ta kai tsaye daga inji, saboda haka girman fulin da ke bakinta, wato zagayayyen ƙarfen da bel ke ja, shi ne ke yanke yawan iskar da za ta tura. Idan aka rage faɗin fulin da kashi 15 cikin 100, sufacajar za ta riƙa juyawa da saurin da ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100, kuma wannan lissafi shi ne dukkan hikimar kayan da nake bita a kansu.

Na yi odar kayan ta intanet daga wani shago a ƙasar waje, suka iso cikin kwali ɗaya: sabon fuli da cibiyarsa mai matsewa da ƙananan notuna, bel da ya fi na asali gajarta, fulogi huɗu na NGK masu jure zafi fiye da waɗanda motar ta zo da su, ƙarfen danne abin da ke ɗaure bel, da kuma na'urar zare tsohon fuli. Ingancin ƙarafan ya gamsar da ni tun daga taɓawa, domin ramukan fulin guda shida sun zauna daidai da haƙoran bel, babu kaifi ko tsini a gefensu. Takardar bayani ce kaɗai ta gaza, shafi ɗaya mai hotuna baƙi da fari waɗanda ba su nuna komai sosai, kuma ba ta ambaci cewa sai an ɗaga inji kafin na'urar zarewa ta samu wurin shiga ba. Wanda bai taɓa kwance ƙafar inji ba zai tsaya cak a wannan gaɓa.

Aikin ya ɗauke ni da ƙanena daga bayan sallar asuba zuwa la'asar a wata Asabar. Mun cire tayar gaba ta dama da robar da ke rufe bayanta, muka ɗora motar a kan ƙarafan tokare, muka sa jak a ƙarƙashin inji da katako a tsakani domin kada kaskon mai ya lotsa, sannan muka kwance ƙafar inji ta sama muka ɗaga shi a hankali har bakin sufacajar ya haura ƙarfen jikin mota. Abin ɗaure bel ɗin yana da sifirin mai ƙarfin gaske, kuma a nan ne ƙarfen dannewa ya biya kuɗinsa: mutum ɗaya ya danne, ɗayan ya zura siririn ƙarfe a ramin da aka tanada domin ya riƙe shi. Ban ga yadda za a yi wannan da sifana da ƙarfin dantse kawai ba tare da jefa yatsu cikin haɗari ba.

Tsohon fulin ba da noti aka ɗaure shi ba, matse shi aka yi a kan sandar sufacaja tun daga masana'anta, kuma wannan ne wurin da mutane suka fi yin ɓarna. Wanda ya kawo guduma, ko na'urar zarewa mai ƙafa uku irin ta gareji, zai lanƙwasa fulin ya kuma raunata boris ɗin da ke cikin bakin sufacajar. Na'urar da ta zo cikin kayan tana rungume fulin ne ta kowane gefe, tana tura sandar ta tsakiya a kan wani noti da ake ɗaurawa bayan an cire murfin roba. Na yi ta juya sifana har hannuna ya fara rawa ba tare da komai ya motsa ba, sai muka ji wata ƙara guda ɗaya mai kaifi kamar an karya busasshen kara. Ƙanena ya ɗago kai ya ce, "Yaya, wani abu ya karye." Babu abin da ya karye, fulin ne ya saki bayan shekaru masu yawa a manne, daga nan kuma ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Ɗaura sabon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, muddin an tura cibiyar ta zauna daidai, an kuma ɗaure notunan ɗaya bayan ɗaya a gicciye da sifana mai auna ƙarfi, domin fulin da ya karkace ko da kaɗan ne zai riƙa cin gefen bel.

Akwai wani aiki da ba ya cikin kwalin, amma ina ganin duk mai niyyar sayen waɗannan kaya ya kamata ya fara da shi. A wannan mota famfon ruwa yana manne ne a bayan sufacaja, wasu ƙananan giyoyi ne ke juya shi daga jikinta, kuma giyoyin suna wanka a cikin wani mai na musamman da bai kai rabin kofin shayi ba. Idan man ya ƙafe giyoyin sukan cinye, famfon ya tsaya, inji ya yi zafi har ya kai ga bugawa, alhali bel yana nan lafiya yana juyawa. Mako biyu kafin na taɓa fuli na cire bamba, na jawo lagireto gaba, na sauke sufacajar gaba ɗaya. Abin da ya fito daga ɓangaren famfon bai wuce cokali ɗaya ba, baƙi wuluk, da wani wari mai kama da ruɓaɓɓen cuku wanda ya kwana biyu bai bar hannuna ba. Da na ƙara wa waɗannan giyoyi sauri a haka, da na gaggauta mutuwarsu ne da kuɗina. A wannan zama na kuma canja babban fulin da ke ƙasan inji, domin robar da ke tsakiyarsa ta tsattsage saboda tsufa da zafi.

Bambancin da na ji a kan titi a fili yake. Motar ta zo da ƙarfin doki 170, kuma a da sai an kai ta sama sosai take nuna shi, yanzu kuwa tun daga tsakiyar juyin inji take turo mutum cikin kujera, har a giya ta huɗu ana iya wuce babbar mota ba tare da an sauko ba. Kukan sufacajar ya ƙaru, siriri mai tashi da totur, kuma ni kam yana yi mini daɗi. Shan mai bai canja sosai ba idan ana tafiya a natse, amma yana ƙaruwa da zarar ƙafa ta yi nauyi.

Inda nake jan hankali shi ne yanayinmu. Iskar da aka matse zafi take yi, kuma na'urar sanyaya ta a wannan mota tana zaune ne a kan inji, ƙarƙashin hancin da ke bisa bonet, don haka ba ta aiki sai mota tana gudu. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, idan na daɗe a cunkoso sai in ji motar ta yi sanyin jiki, domin kwamfutarta tana ja da taimin baya, wato tana jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta, don kare fistin, kuma ba ta dawowa sai ta sha iska na wasu mintuna. Ga shi an ƙera injin ne domin fetur mai daraja ta sama, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa. Saboda waɗannan dalilai ba na ba kowa shawarar fulin kashi 17 ko 19 da ake tallatawa, tun da ko kamfanin Mini da kansa, a samfurinsa na John Cooper Works mai ƙarfin doki 210, bai rage fulin har ya kai kashi 15 ba. Ƙaramin fuli yana kuma ƙara wa famfon ruwa sauri, wanda idan ya wuce kima sai ya koma kaɗa kumfa maimakon tura ruwa.

Kayan sun cancanci kuɗinsu ga mai R53 da ya riga ya tabbatar da lafiyar lagireto, fanka, tankin ruwa da man sufacaja, yana da jak da ƙarafan tokare, yana kuma da mai taimako na yini guda. Tun da na ɗaura su, duk juyen mai nakan duba notunan fulin da gefen bel, a lokacin hunturu kuma nakan wanke ƙurar da ke toshe na'urar sanyaya iska duk bayan mako biyu, kuma har yanzu bel ɗin bai nuna alamar ci ba.