Sukuk na Gwamnatin Tarayya a Ma'aunin Zaɓen 2023

Sukuk, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, da Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, yake sayarwa tun shekarar 2017 ya samu karɓuwa a wurin mutanen da ba sa son kuɗin ruwa ya shiga dukiyarsu. Tsarinsa na haya ne: mai saye yana mallakar wani rabo a aikin da aka yi da kuɗin, gwamnati tana biyansa kuɗin haya sau biyu a shekara, sannan ta mayar masa da uwar kuɗinsa idan wa'adi ya cika. Ana iya shiga da naira 10,000 kacal, kuma wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ko ta Abuja zuwa Lokoja ya ga allunan da ke nuna inda aka kashe kuɗin. Wannan duk abin yabo ne, amma ba a san ingancin irin wannan haja sai siyasa ta girgiza kasuwa, shi ya sa na zaɓi in auna ta da abin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023.

Sakamakon zaɓen kansa bai motsa kasuwa sosai ba, domin masu zuba jari sun tsaya suna jiran su ji manufa. Ranar 29 ga Mayu ne Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabin rantsuwa cewa tallafin man fetur ya ƙare, kuma washegari ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya tashi da sama da kashi 5 cikin 100 a yini guda. Cikin makonni biyu aka dakatar da Godwin Emefiele daga shugabancin Babban Bankin Najeriya, bayan 'yan kwanaki kuma aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, sai dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700 a kasuwar hukuma. Hannayen jarin bankuna suka yi ta hawa, takardun bashin Najeriya na dala da ake cinikinsu a ƙetare su ma suka yi daraja, har kasuwar Legas ta rufe shekarar da ƙarin kusan kashi 46 cikin 100.

Mai riƙe da sukuk bai ci komai a wannan bikin ba. A ɗauki wanda ya zuba naira miliyan ɗaya a sukuk na ƙarshen 2022, mai wa'adin shekara goma da hayar kashi 15.64 cikin 100. Naira 156,400 ce ke shiga asusunsa a shekara, ba ƙari ba ragi, alhali hauhawar farashi da take kashi 22.41 a watan rantsuwa ta kai 28.92 a Disamban 2023, ta kuma wuce 34 a 2024, lokacin da dala ke kai-komo a wajen naira 1,500. Halinsa ɗaya da na mai shagon da ya karɓi yarjejeniyar haya ta shekara goma a kan farashi guda, sannan kasuwar ta bunƙasa a gabansa yana kallo.

Akwai kuma wata asarar da ba ta bayyana sai an zo sayarwa. Domin daƙile tsadar kaya, Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.5 a Mayun 2023 zuwa 27.5 a Nuwamban 2024, kuma sukuk ɗin da aka fitar a 2025 ya zo da hayar kashi 19.75. Babu mai hankalin da zai sayi takarda mai ba da 15.64 a cikakken farashinta yana ganin wata mai ba da kusan 20, don haka duk wanda buƙata ta tilasta wa sayarwa a wannan tsakani sai ya yi rangwame. Wannan shi ne babban raunin hajar a ganina, kuma dillalan da na yi hulɗa da su sun fi yawan bayanin halaccinta fiye da bayanin wannan haɗarin. An jera sukuk a NGX, wato kasuwar hannun jari ta Legas, da FMDQ, kasuwar cinikin takardun bashi, gaskiya ne, amma manyan masu riƙe da shi, irin su asusun fansho da bankunan Musulunci, ba su cika saki ba, ciniki bai da yawa, ƙaramin mai saye kuma yakan jira kafin dillali ya samo masa wanda zai karɓa.

Duk da haka adalci ne a ce murnar kasuwar hannun jari bayan zaɓe ba kullum take ɗorewa ba. A farkon Afrilun 2015, da aka sanar da nasarar Muhammadu Buhari, ma'aunin ya tashi da sama da kashi 8 a rana ɗaya, amma shekarar ta ƙare da faɗuwar kusan kashi 17, saboda farashin ɗanyen mai ya karye kuma an daɗe ba a naɗa ministoci ba. Sukuk kuwa ya cika alkawarin da ya ɗauka: na farkon, mai naira biliyan 100 da hayar kashi 16.47, ya kai wa'adinsa a 2024 an biya masu shi uwar kuɗinsu, ko da yake gwamnati ta canza hannu a tsakani.

Saboda haka ina ganin hajar ta dace da ɗan fansho, ko mai kula da dukiyar marayu, ko duk wanda zai iya barin kuɗinsa har wa'adi ya cika yana karɓar haya a natse. Ba ta dace da ɗan kasuwar da ke sayo kaya da dala ba, ko mai tara kuɗin aikin Hajji, tunda kujerar tana bin farashin dala ne. Wanda ke tunanin saye gab da zaɓen 2027 ya kamata ya kwatanta hayar da aka sanar da alƙaluman hauhawar farashi na watan, ya fifita gajeren wa'adi idan an ba da zaɓi, kuma ya tambayi dillalinsa a rubuce nawa ne kuɗin hidima idan ya so sayarwa kafin lokaci.