Hon ɗin famfo da na gwangwani: abin da na gani a filin harbin fenti

Duk Asabar da Lahadi ni ne alƙalin wasa a wani ƙaramin filin fentibol da ke bayan garin Kano. Wasan nan ne da ake raba matasa gida biyu, kowa da takunkumi mai gilashi a fuska da bindigar iska a hannu, suna harbin juna da ƙwallayen fenti. Shekara biyu ke nan ina wannan aiki. A watannin farko usur kaɗai nake ratayawa a wuya, irin na alƙalan ƙwallon ƙafa, ina ganin ya ishe ni. Abin da ya faru wata Asabar cikin hunturu shi ya tura ni neman hon.

Wani yaro ne da bai wuce shekara 15 ba, ya zo tare da yayyensa. Yana durƙushe bayan tarin tayoyi sai gilashin takunkuminsa ya yi hazo saboda numfashi. Maimakon ya ɗaga hannu ya kira ni, sai ya ture takunkumin sama ya ɗora a goshi, ya kama gefen rigarsa yana gogewa. Na hango shi daga nesa, na busa usur iya ƙarfin ƙirjina. Na kusa da ni suka tsaya. Amma mutum uku na ɗaya ɓangaren, da ke laɓe bayan duramai a ƙarshen fili, ba su ji komai ba. Iska daga wajensu take busowa, ga ƙarar bindigogi, ga ihun da suke yi wa juna. Ƙwallo ɗaya ya fashe a jikin taya, tsakaninsa da idon yaron bai kai faɗin tafin hannu ba. Allah ya kiyaye. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Wanda bai san wasan ba zai ce ai ɗan ƙwallon fenti ne kawai. Faɗinsa kusan milimita 17 ne, nauyinsa kamar giram 3, kuma ƙa'idar da yawancin filaye ke bi ita ce kada gudunsa ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa ɗaya, wato wajen mita 90. In ka lissafa, kusan kilomita 330 ne a awa. A cinya ko a baya, shati yake bari na kwana uku ko huɗu. A ido kuwa yana iya zama asarar da ba ta da gyara. Don haka aikin alƙali na gaskiya ba ƙirga maki ba ne. Aikinsa shi ne ya iya tsayar da kowane ɗan yatsa da ke kan kunama a lokaci guda, har da na waɗanda ba ya gani. Tun asali ma wasan daji ne: na farko da aka yi a 1981, a garin Henniker na jihar New Hampshire a Amurka, mutum 12 ne suka bazu cikin kurmi da bindigogin da ake yi wa bishiyoyi da shanu alama. A irin wannan wuri murya ba ta isa, usur ma da kyar.

Hon iri biyu na gwada, kuma dukansu na yi watanni ina aiki da su.

Na farko shi ne na gwangwani, wanda ake gani a hannun 'yan kallon ƙwallo da masu ƙananan jiragen ruwa. Gwangwani ne kamar na maganin sauro, da jan ƙaho na roba da ake murɗawa a kansa. Ranar da na fara danna shi, wani ɗan wasa da ke can ƙarshen fili ya ce min, "Yaya, wallahi har cikin haƙorina na ji shi." Wajen ƙara ba ni da abin cewa. Ƙara ce mai kauri, ba siririya irin ta usur ba, kuma tana keta iska ta ratsa takunkumi. Ba ya buƙatar numfashinka, abin da wanda ya taɓa gudu cikin rana sannan ya so busa usur zai gane darajarsa. Sannan takunkumina ba sai na ɗaga ba. Wannan babban abu ne: alƙalin da zai busa usur dole ya cusa shi ta ƙasan takunkumi ko ya ɗan ɗaga, alhali shi ne mai hana wasu ɗagawa.

Sai dai na gwangwani yana da halayen da sai ka zauna da shi za ka sani. Abin da ke ciki gas ne da aka matse ya zama ruwa. Duk lokacin da ka danna, wani ɓangare na ruwan yana komawa iska, kuma yin hakan yana zuƙe zafin gwangwanin. Ka riƙe shi daƙiƙa biyar ko shida, sai ka ji ya yi sanyi ƙarara a hannunka, ƙarfin iskar ya ragu, ƙarar ta fara shaƙewa kamar muryar mai mura. Da sanyin safiya a watan Janairu abin ya fi muni. Akwai ranar da sai da na sa shi cikin aljihun rigata ya ɗumama kafin ya yi ƙarar kirki. In kuma ka karkata shi ko ka juya shi ƙasa, ruwan ne zai feso, kuma sanyinsa yana ƙona fata.

Zafi shi ne ɗaya matsalar, kuma ita ta fi damuna. A jikin gwangwanin an rubuta kada a ajiye shi inda zafi ya kai digiri 50. A Kano cikin Afrilu inuwa ma tana haura 40, balle cikin mota rufaffiya da aka bari a rana. Ba na yarda in bar shi a but ko a kan dashbod ko na minti goma. Wasu gwangwanayen gas ɗinsu mai kama wuta ne, an zana alamar harshen wuta a jiki, saboda haka a nisanta su da mai shan sigari da kuma janareta.

Babban aibinsa dai shi ne ba ya gaya maka ya kusa ƙarewa. Sai ka girgiza ka yi kintace. Gwangwani ɗaya yakan kai ni ƙarshen mako biyu in ana samun jama'a, kuma sau biyu ya mutu min a cikin fili. Duka biyun dai wajen tashi daga wasa ne, ba wajen gaggawa ba, amma tunanin cewa zai iya zama akasin haka ya ishe ni. Ga shi in ya ƙare ba kullum ake samun wani a kasuwa ba. Mai shagon da nake saya a wajensa yakan ce in dawo mako mai zuwa, kaya na hanya.

Na biyun, wanda har yau shi ne a kafaɗata, hon ɗin famfo ne. Asali don masu keke aka yi shi. Kwalbar roba ce mai kauri, da siririyar tiyo da ta haɗa ta da ƙahon. A ƙarƙashin maɓallin dannawa akwai bawul iri ɗaya da na tayar mota, nan ake ɗura masa iska da famfon keke. Iska ce zalla a ciki, ba gas, ba batir. An rubuta a jikinsa cewa ƙararsa tana kai desibel 115 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma kada iskar ta wuce 80 a ma'aunin da masu faci ke auna taya da shi. Kuɗinsa ya kai na gwangwani uku, amma tun da na saye shi ban sake kashe ko kwabo wajen cika shi ba.

Na ɗinka masa 'yar jaka wajen baduku, kwalbar tana bayana, ƙahon yana ɗaure a madaurin kafaɗa inda hannuna na hagu ke kaiwa ba sai na duba ba. Sanyin hunturu ba ya shaƙe shi yadda yake yi wa na gwangwani. Cikawa ɗaya tana ba ni gajerun ƙara masu ƙarfi da suka ishe ni wasa uku ko huɗu, daga nan sai ya fara laushi, kuma a hankali yake laushin, kana ji kana sani. Ni ba na jira ya kai nan. Duk bayan wasa biyu, yayin da yara ke shan ruwa suna goge gilashi, nakan ɗauko famfo in cika shi. Bai fi minti ɗaya ba.

Shi ma yana da nasa. Doguwar ƙara tana cinye iskarsa da sauri, don haka ba hon ɗin da za ka danne ka riƙe ba ne. Ƙura tana shiga ƙahon, sai an riƙa busawa ana gogewa. Tiyon nan kuma yana son kamawa a jikin waya ko reshe, na riga na naɗe shi da salatif a wuri biyu. Sannan ina gargaɗin duk wanda zai saya: kada ya miƙa wa mai faci ya cika masa da injin. Injin da ke cika tayar tirela ba ya jin kwalbar roba, kafin ka ce tsaya ya wuce ƙima. A sayi famfo mai agogo a riƙa dubawa.

Ko wanne ka saya, kunnenka ne zai fara biyan kuɗin. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne. A 115 bai kai rabin minti ba a yini guda. Alƙalin da ke danna hon sau arba'in ko hamsin a rana, a kusa da kansa, ya wuce wannan iyaka ba tare da ya sani ba. A makon farko nakan koma gida kunnena na hagu yana ƙara kamar an bar rediyo ba tasha. Yanzu ina sa abin toshe kunne na soso a wannan ɓangaren, ƙahon kuma na juya bakinsa sama da waje. Ba na danna shi in akwai mutum a gabana kusa, kuma ba na ba yara su yi wasa da shi ko da iyayensu sun roƙa.

Abin da na fi so a riƙe shi ne, hon ba ya aiki in bai da ma'ana ɗaya tak a kunnen kowa. Kafin a shiga fili nakan tara su, takunkumi a hannu, bakin bindiga a rufe, in danna su ji da kunnensu. Ƙara ɗaya, an fara. Biyu, wasa ya ƙare, a sa murfin bakin bindiga a fito. Uku a jere, ana maimaitawa, gaggawa ce: ɗan yatsa ya bar kunama, bindiga ta kwanta a ƙasa, kowa ya tsaya inda yake, kuma kada wanda ya taɓa takunkuminsa. Nakan sa su maimaita min da baki. Wasu filayen tsarinsu daban ne, shi ya sa ko wanda ya ce ya saba wasa a Abuja ko Legas sai ya tsaya ya saurara. Usur bai bar wuyana ba, amma na mayar da shi na ƙananan abubuwa, kamar fitar da wanda fenti ya taɓa. Hon na abubuwa ukun nan ne kawai. Da zarar ka fara danna shi don kiran mai sayar da ruwa ko don murnar wani ya ci, ka kashe shi, domin ranar da za ka buƙace shi da gaske za su ɗauka wasa ne.

Inda alƙali ke tsayawa ma yana da tasiri. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. A fili mai tsawon mita 100, in ka tsaya a ƙarshe ɗaya ka danna, na kusa da kai sun riga na nesa ji da kusan sulusin daƙiƙa. A wasan tseren ɗaukar tuta wannan taku ɗaya ko biyu ne, kuma matasa suna lura. Tun da wani ya yi min ƙorafi a kai, a tsakiyar layin gefe nake tsayawa in buɗe wasa.

Masu eyasof, wato ɗan'uwan wannan wasa, wanda shi a Japan ya samo asali a shekarun 1970, inda ake harba ƙananan ƙwallayen roba masu faɗin milimita 6, sun fi mu buƙatar hon, domin filayensu sukan fi girma kuma wasansu ya fi tsawo. Mu ba ma yinsa a filinmu. Bindigoginsa sun yi kama da na gaske fiye da kima, kuma a halin da ƙasa ke ciki ba na son yaron kowa ya iso shingen jami'an tsaro da irinsu a mota.

Wannan halin ne ma ya sa kafin in fara amfani da hon na je na gaishe da mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, za a riƙa jin wata ƙara daga filinmu Asabar da Lahadi, alama ce ta wasa, ba tashin hankali ba." Na danna masa sau ɗaya a waje ya ji. Ya ce ba komai, amma a kiyaye lokutan salla. Da ma muna tsayawa in an kira azahar da la'asar, kuma bayan magariba ba ma wasa.

Ga mai ƙaramin fili irin namu, na famfo nake ba da shawara a saya, tare da famfo mai agogo da abin toshe kunne. Na gwangwani kuma a ajiye sabo guda ɗaya wanda ba a taɓa ba, a inuwa, a hannun alƙali na biyu, don ranar da tiyo zai tsinke. Tun daga waccan Asabar sau huɗu na danna ƙara uku saboda wani ya ɗaga takunkumi, kuma duk sau huɗun filin ya yi tsit kafin in kai ga ta ukun.