Shan mai a layin tireloli: yadda na samu gidajen man manyan motoci a Amurka

Motar da muke yawo da ita ni da uwargida irin wadda ake zama a cikinta ce, da ɗakin kwana da kicin da banɗaki. Tsawonta ƙafa 40, injin Cummins ne a bayanta, tankinta yana cin galan 100 na dizal. Muna kuma jan ƙaramar mota a baya, tayoyinta huɗu a ƙasa. Wannan jan shi ne ya zaɓa mini gidan mai, domin muddin ƙaramar tana maƙale, babu zancen ribas. Kana yi, ko sandar jan ta lanƙwashe, ko tayoyin gaban ƙaramar su murɗe. Dole inda zan sha mai ya zama wurin da zan shiga ta gaba in fita ta gaba.

Gidan mai na ƙananan motoci ba kasafai yake ba ka wannan ba. Famfunan suna kallon shago, wani ya ajiye mota a bakin ƙofa ya shiga sayen kofi, rumfar ma sai ka duba tsayinta kafin ta kwashe maka na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi. Ga katin banki da famfon ke yankewa in kuɗin ya kai wani adadi, ka sake sawa, ya sake yankewa. Shi ya sa na koma bayan gini, layin tireloli, a irin su Pilot da Flying J, waɗanda kamfani ɗaya ne mai hedkwata a Knoxville ta jihar Tennessee, da Love's da ta fara a Oklahoma a 1964, da TA da Petro waɗanda BP ta saya a 2023. A taƙaice, na gamsu. Amma wuri ne da aka gina don wasu mutane, kuma komai nasa yana tuna maka da haka.

Tun daga allon famfon za ka gane. Yana tambayarka man na kan tirela ne, ko na injin firjin da ke jikin bodi, ko duka biyun. Kai mai motar gida na farkon za ka danna. Wani allon ya nemi lambar mota ko ta kamfani, abin da ba ka da shi. A wurare da dama ma katin banki na yau da kullum ba ya aiki a waje, sai ka taka zuwa teburin mai da ke ciki, ka faɗi lambar famfo, ka bar kati ko ka biya wani adadi, ka dawo ka zuba, ka sake komawa karɓar rasit. A wani gidan da ba zan kama sunansa ba, a kan babbar hanya ta I-40, mutum ɗaya ne a teburin yana sayar da tikitin wanka, yana amsa waya, yana buɗe famfuna. Na daɗe a layi ina hango motata ta taga ta tare hanya, tireloli biyu sun jeru a bayanta. Wannan zirga-zirga ita ce babban aibin layin nan a wurina.

Maganinta katin mai irin na kamfanonin sufuri. Ni na Open Roads nake riƙe da shi, na kamfanin TSD Logistics. A gidajen man da ke hulɗa da shi, famfon yana karɓarsa a waje kamar yadda yake karɓar na direban tirela, a cire kuɗin daga asusunka na banki, kuma farashin da za ka biya yakan yi ƙasa da wanda aka rubuta a allon bakin hanya, su kuma su yanki wani kaso daga rangwamen. Kada ka raina senti. In an rage maka senti 30 a galan kuma ka zuba galan 80, dala 24 ke nan, a motar da ba ta wuce mil 7 zuwa 8 a galan ɗaya. Sai dai rangwamen ya bambanta daga gida zuwa gida, don haka uwargida ke duba manhajarsu tun muna nesa ta faɗa mini inda za mu ratse.

Famfon kansa abin so ne, in ka iya da shi. Bakin tiyonsa ya fi na ƙananan motoci kauri, kuma man yana fitowa da ƙarfi, don an yi shi ne ya cika tankunan tirela cikin 'yan mintuna. Bakin tankin motar gida ba shi da wannan faɗin maƙogwaro. Ka matse hannun gaba ɗaya, dizal ya yi kumfa ya dawo maka, ya wanke gefen mota da takalminka. Ni a maƙalin farko nake barinsa, ina tsaye a gefe, ba gaban bakin tankin ba, ina sauraron ƙarar. Tana fara canjawa sai in sassauta, in jira kumfar ta kwanta, in ƙara kaɗan. Duk da wannan lallaɓawa, ya fi famfon gaba sauri nesa ba kusa ba.

Kowane layi famfo biyu ne, babba a ɓangaren direba, ƙarami a ɗaya gefen. Ƙaramin ba shi da allo kuma ba ya tashi sai an tayar da babban. Wanda bakin tankinsa ke hannun dama kaɗai, sai ya fara ɗauke tiyon babban ya kunna, sannan ya zagaya. Tawa tana sha ta kowane gefe, na huta da wannan.

Ƙasan wurin kuwa maiƙo ne zalla, tiyon ma baƙi ƙirin. Akwai safar hannu da wasu tsofaffin takalma da nake ajiyewa a akwatin waje, saboda uwargida ta kafa doka cewa takalmin gidan mai ba ya taka dardumarta. Tana da gaskiya, warin dizal a ɗakin da za ka kwana ba abin wasa ba ne.

Wani abin da ya ɗaure ni a layin nan shi ne ruwan DEF. Injunan dizal da aka ƙera tun daga 2010 galibi suna buƙatarsa don rage gubar hayaƙi. Sinadarin yuriya ne kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tataccen ruwa, da tankinsa daban mai shuɗin murfi. In ya ƙare, injin da kansa yake rage ƙarfi har ka koma rarrafe. A layin tireloli daga famfo ake zuba shi, ya fi na jarka araha, kuma ba ka fama da ɗaga jarka yana zuba maka a wando ya bushe ya yi fari. Matsalar ɗaya, tiyonsa a ɓangaren direba yake, wasu motocin gida kuwa tankinsu na dama. Ka duba taka kafin ka sa rai.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci ba a rubuce yake a jikin famfo ba. Kana gama zubawa, ka ja motarka gaba zuwa layin da aka shata, sannan ka shiga ciki. Direban da ke bayanka dokar tarayya ta ba shi awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, na'urar da ke motarsa tana ƙirga masa kowane minti, kuma da yawansu da mil ake biyansu. Kai yawon shaƙatawa ka fito, shi abincinsa yake nema. Na ga masu motocin gida da ke barin mota a bakin famfo su tafi sayen abinci, ko su ja gaba su zauna cin abincin rana a ciki, alhali wurin na biyan kuɗi ne da shiga banɗaki a gurguje. Irinsu ne ke ja mana harara. In ka kiyaye wannan, direbobin ba su da matsala. Wani dattijo ɗan Somaliya ma ya taɓa sauka daga tirelarsa ya duba mini gefen ƙaramar motar har na wuce wata kwana mai matsi.

Haka batun kwana. Filin ajiye tireloli yana cika tun yamma, kuma direban da awowinsa suka ƙare ba shi da zaɓi sai ya tsaya. Ban ga dalilin da zan cinye masa wuri ba ni da zan iya kama gurbi a sansanin motocin gida. Ga kuma injunan firji da ke ruri dare farai.

Wasu gidajen sun ware layi na musamman don motocin gida, da wurin cika gas na girki da ramin zubar da ruwan banɗaki. In an tsara shi da kyau, daɗi gare shi. Amma sau da yawa a gefen ƙananan motoci yake, fitarsa a matse, shi ya sa nake duba hoton wurin daga sama a taswirar waya kafin in yarda.

Ka riƙa karanta takardar da ke manne a famfo, kada ka dogara da launin hannun tiyo, don kore ba kullum yake nufin dizal ba. A jihohi irin su Minnesota da Illinois za ka yawaita ganin dizal mai haɗin man tsirrai har kashi 20, sai ka san abin da littafin injinka ya yarda da shi. Sikelin CAT na auna nauyin manyan motoci da ke yawancin gidajen nan ma ya cancanci 'yan dalolinsa: ka hau da tanki cike, ya ba ka nauyin gaba da na baya da na abin da kake ja, da shi za ka daidaita iskar taya. Ni ba na barin mai ya yi ƙasa da rabi kafin in fara neman gida na gaba, domin janareta daga tanki ɗaya yake sha da injin, kuma yana mutuwa da zarar man ya sauka wajen kwata.