Analaiza ta hannu ko sensar da ake dasawa: amsa ga Alhaji mai injin shinkafa

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji Allah ya ƙara girma, tun jiya da dare na ga tambayarka, ban samu zama ba sai yanzu. Ga waɗanda ba su gani ba, Alhaji yana da injin gyaran shinkafa a nan Gombe, boilar da yake turara shanshera da ita buntu take ci, maƙwabta sun fara ƙorafin hayaƙi, kuma ya lura wutar tana cin buntu fiye da da amma tururin bai ƙaru ba. An yi masa tallan abu biyu. Ɗaya ita ce analaiza ta hannu, irin wadda ake zura sandarta a bututun hayaƙi a auna a cire. Ɗayar kuma sensa ce da ake dasawa a jikin bututun ta zauna dindindin, a haɗa ta da fanka ta riƙa saita iska da kanta. Shine yake tambaya wacce zai sa kuɗinsa a kai.

Gajeruwar amsa Alhaji, a irin boilarka ta hannun zaka fara saya. Amma bari in faɗi dalili don kar ya zama ra'ayina kawai na ɗora maka.

Duka biyun abu ɗaya suke farauta, wato iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi bayan wuta ta ci nata. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. In ka auna hayaƙi ka ga saura kashi 3, to iskar da ka ba wutar ta wuce buƙatarta da kamar kashi 17 cikin ɗari, wannan daidai ne ga mai ƙona gas ko dizal. In ka ga 7, rarar ta kai kashi 50. In ka ga 10 da rabi ka ninka iskar sau biyu kenan, in kuwa 14 ka gani to sau uku. Lissafin ba wuya, abin da na'ura ta nuna zaka raba da abin da ya rage in ka cire shi daga 21. Ita wannan rarar iskar ba aikin da take yi maka, da sanyinta take shiga, ta kwashi zafin da ya kamata ya shiga ruwa ta fice ta sama. Buntunka kake ƙonawa kana ɗumama sararin Gombe. In kuma iskar ta yi kaɗan sai baƙin hayaƙi da kunkunniya da kabon monoksaid, wato makamashin bai ƙone duka ba, ga asara ga guba. Tsakanin waɗannan biyun ake neman tsayawa, kuma buntu da itace da gawayin ƙasa sun fi gas buƙatar rarar iska saboda ba sa cakuɗuwa da iska da sauƙi, don haka kar wani ya ce maka sai ka sauko 3 a boilar buntu.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, toh a nan wallahi ido yana yaudara. Baƙin hayaƙi kowa ya san matsala ce. Amma hayaƙin da ya fita garau shi ne ke ruɗar mutane. Na taɓa zuwa wani injin, mai hura wutar yana ta murna wai duba sama ko hayaƙi babu, muka zura sanda sai ga oksijin can sama, ashe damfar, wato marfin da ke saita yawan iska, a wangale take kuma ƙofar tanderun ba ta rufuwa. Hayaƙin yana nan, iska ce ta tsinka shi kamar an ƙara wa kunu ruwa. Maigidan kuma kullum kukan buntu yake.

Mu ɗauki ta hannun. Irinsu Testo na Jamus ko Kane na Ingila, akwai na Chana ma da yawa. A cikinta akwai ƙananan sensoci masu aiki da sinadari kamar batir, ɗaya na oksijin ɗaya na kabon monoksaid, sai ma'aunin zafi a bakin sandar, wasu masu tsada har da na iskar sulfa da naitirojin. Babban abin da ya sa nake sonta shi ne abu uku take ba ka lokaci ɗaya, oksijin da monoksaid da zafin hayaƙin, kuma sai da ukun nan mutum ke gane gaskiyar wuta. Ka rage iska a hankali kana kallo, oksijin na sauka, monoksaid yana nan ƙasa, sai ka zo wani wuri da zai yi tsalle sama farat ɗaya, to nan ne iyakarka, sai ka ɗan koma baya ka sa alama da fenti a jikin hannun damfar. Shi zafin hayaƙi kuma shi ke gaya maka ko toka ta toshe bututan ciki, in yau ya fi na watan jiya a kan aiki iri ɗaya to lokacin shara ya yi, ko kuma dattin ruwa ya daskare a ciki. Masu wannan aiki suna ƙiyasin duk digiri 20 da ɗoriya da hayaƙi ya ƙara zafi, kamar kashi 1 cikin ɗari na makamashinka ne ya tafi.

Aibinta shi ne ba ta da hannu, gani kawai take yi. Ta faɗa maka halin da ake ciki a wannan mintin, kana cire sanda shikenan, in yaron dare ya zo ya buɗe damfa ba mai sani. Sannan sensocinta suna mutuwa, na oksijin yawanci shekara biyu ko kusa da haka ko da a akwati ka ajiye ta, na monoksaid kuma in ka zura shi cikin hayaƙin da ya turnuƙe lokacin tada wuta zaka iya kashe shi da wuri. Tana son a kunna ta a waje cikin iska mai kyau ta nuna 20.9 kafin a fara, a zubar da ruwan da ke taruwa a ɗan kofinta, a canja filta in ta yi baƙi, kuma don Allah kar a bar ta cikin mota a ranar Maris ko Afrilu. Kafin ka biya ka tambayi mai sayarwa a ina zaka samu sensar canji kuma wa zai riƙa yi mata saiti duk shekara, in ya fara kame-kame ka bar masa kayansa.

Ita kuwa wadda ake dasawa, fasaharta daban ce kuma gaskiya abin sha'awa ce. Wani farin abu ne kamar tangaran ana ce masa zirkoniya, in aka gasa shi ya kai wajen digiri 700 sai ya riƙa barin oksijin ya ratsa shi, gefe ɗaya hayaƙi gefe ɗaya iskar waje, bambancin da ke tsakaninsu ke haifar da 'yar wutar lantarki da ake karantawa. Lissafin na wani masanin Jamus ne Walther Nernst. Makanikan mota sun san ta ai, ita ce sensar nan ta jikin salansa, Bosch ne suka ƙera aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Ta boila babbar yayarta ce. Ba dare ba rana tana aunawa tana aika wa kwamfuta, kwamfutar tana ɗan buɗe damfa ko ta rage gudun fanka. In tsarin mai kyau ne, lokacin da ake son ƙara wuta iska ce ke fara ƙaruwa kafin mai, in za a rage kuma mai ne ke fara raguwa, don kar a taɓa samun lokacin da mai ya fi ƙarfin iska. In aka haɗa da infata mai rage gudun injin fanka akwai ƙarin riba, fanka in ka rage gudunta da kashi 20 wutar da take ja tana raguwa kusan rabi, mai janareta ya san ma'anar wannan.

To me ya sa ban ce ka saye ta ba? Saboda ita umarni take bayarwa, sai akwai mai karɓar umarnin. A boilar gas ko dizal ko baƙin mai, makamashin iri ɗaya ne yana zuwa ta bawul, an ce ragu ya ragu an ce ƙaru ya ƙaru. Kai kuma yara ne ke watsa buntu da shebur ko kwando, wannan ya zuba da yawa wancan ya tafi sallah, duk buɗe ƙofa iska ta faɗa ciki, buntun damina da danshinsa na hunturu a bushe ƙarau. Sensar zata ga oksijin ya hau ta rufe iska, a daidai lokacin kuma an jibga sabon buntu, sai hayaƙin da ya fi na da. Ga tokar buntu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce kuma yawancinta silika ne, wato dangin yashi, tana toshe bakin sensa tana cinye ƙarfe. Ga ɗauke wuta da kawowa, tangaran ɗin da ke zafi ya huce ya sake zafi yana iya tsagewa. Kuɗinta da na dasawa sun fi na ta hannun nesa, kuma in ta lalace ba kowane mai gyara zai taɓa ta ba. Wani abin kuma, yawancinsu oksijin kaɗai suke gani, monoksaid sai ka ƙara kuɗi, don haka ko wanda ya dasa ta ma yana buƙatar ta hannu ya riƙa duba ko tana faɗin gaskiya. In ka gwada su ka ga ta dasawar ta nuna ƙasa kaɗan kar ka ce ta lalace, ita da tururin cikin hayaƙin take aunawa, ta hannun kuma sai ta tsane ruwan.

Akwai abin da ke ruɗa su duka biyun. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in akwai huji a jikin bututu ko tsaga a ginin tanderu kafin inda ake aunawa, iskar waje zata shiga ta nan, na'ura ta ce oksijin ya yi yawa alhali can ciki wutar shaƙewa take yi. Shi ya sa ake huda wurin awo kusa da inda hayaƙi ke fita daga boila, kuma kafin ka sayi komai ka kira mai walda da magini su toshe ko ina, a gyara ƙofa ta riƙa rufuwa ruf. Wannan kuɗinsa kaɗan ne kuma sau da yawa daga nan ake fara ganin canji.

Maganar maƙwabta kuma Alhaji in faɗa maka gaskiya, ba ɗaya cikin biyun nan da ke auna tokar da ke sauka a kan shanyarsu da abincinsu. Gyara iska zai rage baƙin hayaƙi sosai, rage jan fanka ma zai rage tokar da ke tashi, amma sauran sai an sa saikulon, wato gangar nan mai tsinin ƙasa da ke juya hayaƙi toka ta faɗo, a kuma duba tsawon bututun. Don duhun hayaƙi akwai tsohuwar dabara ta wani Bafaranshe Ringelmann tun ƙarshen ƙarni na 19, kati ne mai matakai daga 0 zuwa 5 daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, ka tsaya nesa ka kwatanta da abin da ke fita, ka rubuta a littafi safe da yamma. Ranar da jami'an hukumomin kare muhalli, GOSEPA ta jiha ko NESREA ta tarayya, suka zo, littafin nan da takardar awon analaiza sun fi dogon bayani. Manyan na'urorin da ke auna sulfa da naitirojin da ƙura ba tsayawa kuwa, waɗanda Amurka ta tilasta wa tashoshin wutarta bayan gyaran dokar iska na 1990, wannan sahun masana'anta ne mai girman siminti irin na Ashaka, ba na injin shinkafa ba.

Abu ɗaya da ba na so a yi wasa da shi, monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, kuma jini ya fi kama shi sau sama da 200 a kan oksijin. In yaranka na ɗakin boila suna yawan kukan ciwon kai da jiri musamman da sanyi da ake rufe ko ina, kar a ce gajiya ce, a buɗe wurin a auna iskar ɗakin. Ta hannun zata iya wannan, ta dasawar ba zata iya ba.

In kuɗin ya yi maka nauyi kai kaɗai, ku masu injina na unguwar BCGA ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi ɗaya, a koya wa yaro ɗaya mai natsuwa ya riƙa zagayawa duk sati. Ranar da ka sa abin zuba buntu mai inji, wanda ke tura shi daidai wa daida ba da shebur ba, ko ka koma gas, to ranar maganar sensar dasawa ta taso kuma ni da kaina zan ce ka saya. Yanzu dai ka ɗauko min hoton farantin da ke jikin boilar inda aka rubuta tan nawa na tururi take bayarwa a awa, da hoton fankar da ƙofar tanderun, sai in nuna maka inda za a huda.