Diamox ko Dexamethasone: wanne za ka sha kafin hawan dutse?

Tun da na sauko daga Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895, tambayar da ake ta yi mini ke nan. Daga mita 2,500 iska ke fara ƙaranci, sai ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci. Don kauce wa wannan ciwon ake shan magungunan nan biyu.

Diamox, wato acetazolamide, yana sa ƙoda ta fitar da bikabonet, wato sinadarin da ke rage tsamin jini, sai numfashi ya ƙaru, jiki ya saba da tudun da gaske. Ana sha miligiram 125 sau biyu a rana, a fara tun jajibirin hawa. Matsalarsa yawan fitsari, ga yatsu na yin tsiktsik kamar ana soka allura. Ni ko lemon kwalba na sha, salam nake jinsa.

Dexamethasone kuwa danne alamomin kawai yake yi, bai koya wa jiki komai. Ka daina shi kana can sama, ciwon na iya dawowa. Yana kuma ɗaga sukarin jini. Dukansu ba su da tsada.

Mai hawa sannu a hankali na kwanaki, Diamox ya fi masa. Wanda Diamox ba ya karɓarsa, ko mai aikin ceto da zai haye cikin gaggawa, likita kan ba shi dexamethasone. Mai sikila kuwa, ya fara ganin likita tun bai yanki tikiti ba.